Gayaunar da Na Zaɓa Saboda Inuwa

A shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki, surukina ya yanka gayauna biyu a gonarsa ta hanyar Dahomey, ɗaya tawa, ɗaya ta ƙanwar mijina. Abin da mace ta noma a gayaunarta nata ne, rumbunta daban. Ni kuwa a duniya ba abin da nake so kamar rumbu nawa na kaina.

Ɗaya gayaunar mangwaro ne a tsakiyarta, wanda tsohon ya ɗauko irinsa daga ƙetaren iyaka tun yana saurayi. Ɗayar kuma gawo. Aka ce in zaɓa. Na ce mangwaro.

Tsohon ya ce, "Ɗiyata, ki sake dubawa."

Na ce, "Baba, na duba. Mi za ni yi da iccen da ke tuɓe ganye da damina, lokacin da kowa ke sa riga? Mahaukaci ne."

Ƙanwar mijina ta ce, "Matar yaya, Allah shi ba ki lada."

Duk damina ina noma ina hutawa a inuwa, ita tana soyuwa a rana, ina yi mata waƙa. Gero bai ga abin dariya ba. Nawa ya fito siriri, rawaya, yana ta miƙa wuya neman rana. Mangwaro ya tare sama, saiwarsa ta shanye ƙasa, ɗan abin da ya rage ciyawar aya-aya ta kwashe. Nata kuwa har ya wuce tsawon mutum. Ashe da rani shanun Fulani ƙarƙashin gawo suke wuni, suna cin 'ya'yansa suna zuba taki, da damina kuma ya kaɗe ganye ya bar wa hatsi rana.

Da kaka na ɗaure dami ɗaya, shi ma sai da na cusa kara a ciki. Na je wajen tsohon neman musanya.

Ya ce, "Inuwa kika zaɓa. Ki kai ta rumbu."

Sare mangwaro kuma ya ce sai bayan ransa.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ce mini irin gawo ya fi tsira in ya bi ta cikin saniya. Ranin nan kaf ina bayan garke da tsinke, ina tonon kashin shanu, ƙanwar mijina tana bina da waƙar da na yi mata. Cikin irin gawon da na shuka, uku suka tsira a gefen gayaunata. Sai da na yaye 'ya'ya huɗu kafin na gina rumbu.