Hannun Inna Dela

A Tungar Hamma, idan mace mai ciki ta hango Inna Dela tafe, nan take sai ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. Ni ma na yi hakan ba sau ɗaya ba, don haka ba zan nuna wa kowa yatsa ba. Matar nan ba ta taɓa zagin ɗan kowa ba, kuma ko akuyarka ce ta shiga mata gero sai dai ta kora ta. Laifinta guda ne: ita ke wanke gawar mata a garinmu da tungayen ƙetaren kogi, har zuwa rugagen da ke kusa da iyakar Benin.

'Yar masunta ce, gajera, mai manyan hannuwa kamar na namiji. Ta auri wani manomin shinkafa, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Aikin kuwa ba gadonsa ta yi ba. Wata shekara amai da gudawa ya shiga gari, tsohuwar da ke wankan ta rasa mai riƙe mata ƙwarya, kowa ya noƙe, Dela ta miƙa hannu. Tun daga ranar hannun bai koma nata ba. Tana bandar kifi don ta ci abinci, amma sai ta kai shi kasuwar Kaoje inda ba a san ta ba, domin mu da muka san ta ba ma saye. Muna dai gaishe ta da ladabi, daga nesa.

Tana da kwando guda da sabulu, da ganyen magarya, da kafur, da ƙwarya. Kafin ta zuba wa mamaciya ruwa sai ta ɗumama shi, ta tsoma gwiwar hannu ta ji. An taɓa yi mata tsiya a kan haka, ta ce, "Don ba su magana ba shi na ba su ji ba." Sannan tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba: abin da ta gani a jikin gawa, nan yake tsayawa. Matan garinmu, waɗanda ba a gama tuwo a gidan wani ba su ji ƙamshinsa ba, sun yi shekara arba'in suna zungurarta ba su samu ko kalma ba.

Ni sunana Munira, ina koyarwa a firamaren garin. Ina da shekara goma sha ɗaya mahaifiyarmu ta rasu, ranar da ta haifi ƙanwata Sabuwa. Inna Dela ce ta wanke ta. Abin da aka gaya mana shi ne kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma ban taɓa sanin ta wace hanya ya ƙare ba. Ni na goya Sabuwa, na yaye ta da kunun gyaɗa, na aurar da ita ga Abbas, wani masunci a Tungar Riskuwa, can ƙetare. Da rani tafiyar ba wani abu ba ce. Da damina kuwa, idan kogi ya cika ya haɗe da fadamun shinkafa, rabin yini ake yi ana tuƙa kwalekwale kafin a iso asibitinmu.

A ranin da Sabuwa ta samu cikin fari, Malam Mudassiru, mai kula da ƙaramin asibitin garin, ya dawo daga Birnin Kebbi da wata takarda. Gwamnatin jiha za ta ba da tallafi ga garuruwan da suka haɗa hannu da asibitinsu don a kai lafiya ga waɗanda ba ta isa gare su. Aka kira taro a makarantarmu, maza a gaba, mata a baya, kamar yadda ake zama tun zuwan shari'a. Aka ba ni biro saboda rubutuna ya fi na hedimasta kyau, ko da yake shi har gobe bai yarda ba.

Maza suka ce katanga. A zagaye asibiti da katanga, a sa ƙofar ƙarfe, a kafa allo mai suna. Awa guda aka yi ana gardamar tsawonta, sai ka ce awaki ne babbar cutar Tungar Hamma. To, amma takardar tana da tambaya: su wane ne a yankinku ba sa samun kulawa, kuma mene ne shaidarku? Malam Mudassiru ya buɗe littafin asibiti ya karanta mana cewa a shekara biyar babu mace ko ɗaya da ta mutu wurin haihuwa. Aka yi hamdala.

Daga can baya, inda take zaune ita kaɗai a benci mai ɗaukar mutum huɗu, Inna Dela ta ce, "Littahin ga bai taɓa ƙetare ruwa ba." Ta tashi ta ɗauki takalmanta ta fita.

Na ƙirga watannin Sabuwa a yatsu tun ina zaune. Haihuwarta za ta faɗo a tsakiyar cikar kogi. Da la'asar na tafi gidan Inna Dela, wanda rabona da shiga tun ina yarinya. Na roƙe ta ta faɗi abin da ta sani mu rubuta, ko a ba mu jirgi mai inji maimakon katanga.

"Ɗiyata, ba ni iyawa," ta ce. "Amana ta. Mace ta kwanta gabana ba ta iya ruhe kanta, ni ka ruhe ta. In na buɗe baki yau, gobe wa za shi yarda in taɓa mishi uwa?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce mata amanar matattu ce za ta kashe masu rai. Maganar ta yi nauyi, kuma na yi nadamarta tun kafin in kai ƙofa. Washegari dai aka gan ta a zauren Liman Bunyaminu. Liman ya ce mata abin da aka hana shi ne tona aibin mamaci, mutuwar haihuwa kuwa ba aibi ba ce, shahada ce. Ya ce ta faɗi adadi da garuruwa, ta bar sunaye. Duk wani mai neman mafita da nan zai tsaya. Ita kuwa ta ce tunga mai gida goma, in ka ce mace ta mutu bara ai ka faɗi suna. Sai ta nemi izinin masu mamatan da bakinsu.

Mako uku ta yi tana yawo. Inda ruwa yake ta shiga kwalekwale, inda babu ta taka da ƙafa, tsohuwa mai fama da ciwon gwiwa. Asabar da Lahadi nakan bi ta da littafina. Gida goma sha bakwai ta shiga. A kowanne sai an firgita da ganinta, sai ta yi sauri ta ce, "Lahiya lau, ba kowa ya rasu ba, roƙo ni zo." Wani magidanci ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce shekara uku yana ganin shi ya kashe matarsa saboda hannunsa ya gaji da tuƙi a tsakiyar ruwa. A wata ruga kusa da hanyar Segbana, wata tsohuwar Bafulatana ta ba da izini, ta kuma kawo mata nono a ƙwaryar da su kansu suke sha. Inna Dela ta daɗe tana kallon ƙwaryar kafin ta kai baki. Gida uku suka ƙi, ta yi musu godiya, kuma har yau ban san abin da ta gani a can ba.

Muna dawowa ranar ƙarshe, a cikin kwalekwale, na tambaye ta game da mutuwar mahaifiyata. Ta ce tun da mahaifinmu ya rasu, ni ce mai haƙƙi, in na ba da izini za ta faɗa. Na ce na ba da.

"Jini na," ta ce. "Ta haihu lahiya, ta ga ɗiyar, har ta yi dariya. Jini ɗai ya ƙi tsayawa. Tahin hannunta hwari tas awa takardar ga taki."

Na yi kuka sosai, ta bar ni na yi. Da na lafa sai ta ce in riƙa duba tafin hannun Sabuwa da cikin idonta.

Bayan mun aika da takarda, wata jami'a mai suna Hajiya Khadijatu ta zo daga jiha don ta ji da kunnenta. Aka sake taro. Inna Dela ta miƙe a bencinta, ba takarda a hannu, ta jero su tunga bayan tunga: mata goma sha huɗu a shekara biyar, goma sha ɗaya a watannin cikar kogi, goma daga cikinsu jini ne. Babu wadda ta kai asibiti da rai, shi ya sa littafi bai san su ba. Sai wani dattijo da ya fi kowa zaƙewa a kan katanga ya ɗaga hannu. Ya ce ta biyun da aka ambata a Tungar Riskuwa 'yarsa ce, a bar maganar katanga.

Na saba da alkawarin gwamnati, don haka ban sa rai ba. Wannan karon sai na ji kunya, kuma na ji daɗin kunyar. Kafin shinkafa ta yi ciki jirgi mai inji ya iso. Aka kira ungozomomin ƙetare aka koya musu alamun haɗari, aka ba kowacce wayar hannu da ƙwayoyin tsayar da jini. Asibiti ya ba da ma'aikaciyar jinya tana ƙetarawa awon ciki duk Laraba. Mu kuma gari muka ba da direba, muka gyara mashayar da jirgi ke tsayawa, manoma suka ɗauki nauyin mai. Ban san sunayen waɗanda suka zauna a ofis suka sa wa takardarmu hannu ba, amma ina yi musu addu'a, kuma da gaske nake.

Sabuwa ta haihu wata Alhamis da hantsi, ruwa ya shafe hanya ko'ina. Namiji ne. Ina cikin aji wayata ta yi ƙara, Abbas ne. Ungozoma ta ba ta ƙwayoyin, jinin ya ragu amma bai tsaya ba, jirgi ya riga ya taso ɗaukarta. Na bar alli a ƙasa na ruga mashaya ko takalmi ban tsaya nema ba.

Da na isa na tarar da Inna Dela a gindin wata bishiya, nesa da mutane. Ta ji ƙarar inji ba ranar Laraba ba, ƙafarta ta kawo ta, da kwandonta a hannu. Ta ga na kalli kwandon, sai ta mayar da shi bayanta. Tafiyar rabin yini jirgin ya yi ta a ƙasa da awa guda, amma ni dai na tsufa a wurin. Aka fito da Sabuwa a kan tabarma, leɓɓanta sun yi fari, idonta a buɗe. Ta gan ni ta ce, "Yaya, ina takalminki?"

Malam Mudassiru da ma'aikaciyar jinya suka sa mata ƙarin ruwa, suka wuce da ita babban asibiti a Bagudo aka ƙara mata jini. Kwana biyar aka sallamo ta, ta sauka a ɗakina don jego.

Da aka zo maganar wadda za ta yi mata wankan jego, Sabuwa ta ce Inna Dela. Dangin mijinta suka yi ta kallon juna, wata ta ce ai ba a haka. Sabuwa ta ce hannun da ya rufa wa uwarta asiri, ya kuma kawo jirgin da ya ɗauko ta, shi take so. Ni aka aika. Sai da na faɗa sau biyu kafin Inna Dela ta gane ba wasa nake ba. Ta ce in ba ta lokaci zuwa gobe. Ashe kasuwa ta tafi ta sayo sabuwar ƙwarya da sabon sabulu, don kada wani ya ce wani abu.

Da safe ta zo ta hura wuta da kanta, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya kamar yadda ta ga ana yi wa masu jego, ta kai bayan ɗaki. Ina tsaye a bakin zana da jaririn a hannu, ina jin su. Ta tsoma ganye ta watsa wa Sabuwa a baya.

"Wai, Inna, ya yi zahi. Ki sirka shi."

Sai na ji ƙarar ruwa ta tsaya. Na leƙa na ga Inna Dela tsaye da ganyen a hannu, ruwa na ɗiga, ba ta motsi. Na tsorata, na ce ko lafiya. Ta goge ido da gefen zanenta.

"Shekara arba'in nika wanke mata," ta ce, "ba wadda ta taɓa ce man ruwa ya yi zahi."

Ta ɗebo ruwan sanyi ta sirka, ta tsoma gwiwar hannu ta ji, sannan ta ce, "Yanzu hwa, ɗiyata?"

Sabuwa ta ce, "Yanzu ya yi daidai."