Rigar Kaka ta fi ni gata

Jama'a, yau na duƙa ma riga!

Kun tuna tsohuwar rigar saƙin kakanmu da nike rufe albasa da ita can Goronyo, wadda Baffa ya ba gidan tarihi? Na tahi Sakkwato in aro ta don ɗaurin aurena.

Wallahi kwance take cikin gilashi tana shan iyakwandishan kamar gwamna!

Hajiya mai kula da ita ta buɗe, sai nim miƙa hannu.

Tac ce, "Mi za ka yi? Zuhwarka kaɗai na cin zarenta!"

Ta sa safar hannu, ta haska min aikin wuyan. Subhanallahi! Ɗinkin alharini ƙanana kamar ƙwayar gero!

Nic ce, "Sawa guda, Hajiya?"

Tac ce, "Kahin a shafa fatiha ta yage."

Na haƙura. Nic ce ma rigar, "Ranki shi daɗe, yahe min albasar nan."