Dutsen da Kifi Ya Lashe

Jikata ce ta ja ni falon ɗana a Unguwar Dosa, wai in zo in ga kifi a cikin gilashi. Na tafi ina faɗa, don ni ban ga amfanin kifin da ba za a ci ba. Sai na ga wani kifi ya manna baki da gilashin yana tsotsa. Na nemi kujera na zauna.

Na san danginsa. Ina yarinya, kakata ta wajen uba takan tafi da ni wanki kogin Kaduna da rani, idan ruwa ya janye duwatsu suka fito. Kifin nan ba ya son ruwan da ya kwanta, sai inda yake gudu da ƙarfi. Bakinsa a ƙasa yake, leɓɓansa masu kauri, da su yake kama dutse yana kankare gansakuka.

Shekarar da idon kakata ya fara dushewa, babana ya ce ranar da ta zame ko sau ɗaya, ita da kogi ke nan. Ku na yanzu ba za ku gane ba. Can ƙawayenta suke, can take dariya. A gida sai zaman tabarma.

Ta damƙe hannuna ta ce, "Ke mai idon sa-ido, yau zai yi rana. Duba cikin ruwa. Dutsen da ya yi kore shar, santsi ne. Nemo mini wanda kifi ya lashe."

Na koyi gane shi. Yakan yi zane-zane, kamar an bi ƙwaryar fura da yatsa. Nan nake sa ƙafa, ta sa tata a bayana. Masunta su yi ta yi mana tsiya: "Iya, amarya ake kaiwa?"

Ta ce, "Ku dai kar ku kama mini kifayen nan masu shara."

Har Allah ya karɓi ranta ba ta zame ba.

Yanzu ban san ko kifayen suna nan ba. An ce leda ce ke manne da duwatsun. Ni kuma ɗana ya shimfiɗa tayil mai santsin tsiya a daɓen gidansa, ya ce in daina yawo ni kaɗai. Da na miƙe daga gaban gilashin, yarinyar ta kama hannuna tun ban ce ba. Na daka mata tsawa ta dinga duba ƙasa. Hannun dai ban saki ba.