Ƙullin Darwis

Mijin yayata, Sahabu, mutum ne da ba ya iya ganin tsatsa ya wuce. A bakin tekunmu na Mandar kowane kwalekwale mai zanen iska yana da jigo a tsakiya, wayoyi na riƙe da shi gefe da gefe, kowace waya kuma da ƙarfen murɗinta a gindi. In ka murɗa shi dama wayar ta ɗame, in ka murɗa hagu ta saki. Gishirin teku kuwa ba abin da yake so kamar wannan ƙarfe. Ka yi sakaci da shi damina guda sai ya ƙage, ko ƙato ya hau kan sifana ba zai motsa ba.

Ran Juma'a da hantsi, da yake ba a fita kamun kifi sai an sauko daga masallaci, Sahabu kan ɗauki kwalbar man kwakwa da 'yar guduma ya bi jiragen mutane. Ba wanda ya aike shi. Ina rumfata ina bandar kifi nake jiyo shi yana zazzaga wa maza.

"Kai Kaco, wannan ƙarfe ne ko ƙonannen rogo? Ran da jigon nan zai faɗo maka a ka, kada ka ce ban faɗa ba."

Ni kuma in ɗaga murya: "Baban Darwis, shafa wa bakin naka man mana, ko ya yi laushi!"

"Ke Nurmi, ji da kifinki. Hayaƙi ya cinye idon, ya bar mana bakin."

Faɗa a baki ne kawai, hannunsa ba ya gaggawa. Sai ya ɗiga mai, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya jira, ya murɗa kaɗan gaba kaɗan baya, har ƙarfen ya yarda don kansa. Haka ya koya wa Darwis, ɗansu tilo shi da yayata Hadara. Tun ranar sunan yaron ban ƙara jin Sahabu ya kama sunanta ba. Ko faɗa suke yi, Maman Darwis yake cewa.

Darwis ya zama saurayi, ya fara fita shi kaɗai da jirgin uban. Wata rana ya fita bai dawo ba. Masunta daga garin gaba ne suka janyo jirgin, zanen iska a naɗe, wainar rogon da uwarsa ta ƙunsa masa ko taɓawa bai yi ba. Gawa dai har yau teku ba ta ba mu ba. Abu guda ne ya sauya a jirgin: a ƙarfen murɗi na dama akwai jan ƙyalle da Darwis ya yaga daga zanen ɗaurinsa, ya naɗe ya ƙulle tam. Da alama ƙarfen ne ya riƙa warwarewa a tsakiyar ruwa, ya ɗaure shi don ya tsaya. Shi ne aikin ƙarshe da hannunsa ya yi, wanda muka sani.

Bayan an share makoki Sahabu ya koma teku, don ciki ba ya zaman takaba. Ran Juma'a yakan shafe sauran ƙarafan jirginsa da mai, ya tsallake na dama. Ba a shafa masa mai sai an kwance ƙullin, shi kuwa ba zai kwance ba. Ƙyalle yana shan ruwan gishiri ya riƙe, kuma duk bakin tekun nan ba wanda ya fi shi sanin abin da hakan ke yi wa ƙarfe. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Tsatsa ta fara tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙyallen, waya ta yi sako-sako, jigo ya karkace har daga rumfata ina gani. Ga lokacin iska mai ƙarfi ya ƙarato.

Na tare shi a gaban mutane, don ni ba a san ni da rufa-rufa ba.

"Kai da kake zagin Kaco, dubi naka jigon! So kake ka bar yayata ba ɗa ba miji?"

"Zai riƙe," in ji shi.

"Me zai riƙe? Tsumma?"

Ya dube ni, ban taɓa ganin idonsa haka ba. "Nurmi, ba ni da kabarin da zan je. Wannan kaɗai ya bar mini."

Na koma rumfa na yi kuka, na ce hayaƙi ne.

Hadara ba ta yi masa magana ba, ita ba mai yawan magana ba ce. Kullum da yamma tana tsaye a bakin ruwa har sai ta hango karkataccen jigon nan ya ɓullo, ta rame kamar kifin banda. Wata Juma'a, maza na masallaci, na gan ta ta nufi jirgin da wuƙar gyaran kifi. Ba ta kwance ƙullin ba. Gefensa ta yanka, ta zare ƙyallen da ƙullinsa yadda yaron ya yi shi, ta sa a ƙirji ta wuce gida.

Da Sahabu ya dawo ya daɗe tsaye a kan ƙarfen. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗauko mai da guduma ya zauna. Kwana da kwanaki yana ɗigawa yana ƙwanƙwasawa, bai fita kamun kifi ba, har wata safiya muka ji ƙarfen ya yi ƙara ya juya. Ya ɗame wayar, jigo ya miƙe. Iska ta zo a shekarar da ƙarfinta, ta karya jiguna a garin gaba, nasa ko gezau.

Yanzu ya tsufa, yana fita yana dawowa lafiya. Ya daina bin jiragen mutane, ya daina tsokanata. Hadara ta ajiye ƙullin a gwangwanin allurarta, ta sha miƙa masa, ba ya karɓa. Ba ya zaginta, bai rage ta da komai ba.

Ina gidansu ranar da ya gama gyaran. Ya shigo hannunsa duk tsatsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Ta miƙe da sauri tana jiran faɗa, ni ma faɗan nake fata, don faɗa yana wucewa.

"Hadara," ya ce, "ba ni ruwa in wanke hannu."

Ta kawo ruwan, ta riƙe masa kwanon har ya gama. Tun daga wannan rana da sunanta yake kiranta, bai ƙara cewa Maman Darwis ba.