Mai Busa wa Kaji Algaita

A ƙauyenmu na Kafr Sallum, a da babu amaryar da ake kaiwa ɗakinta ba tare da algaitar Amm Shahata, wato Baba Shahata, ba. Ni kaina shi ya raka ni. Sai samari suka shigo da manyan lasifikoki, aka daina aiko masa. Abin ya ci masa rai, mu maƙwabta ma ya ci mana.

Matarsa Nagat ba ta iya zaman tagumi ba. Ta share tsohuwar rumfar shanunsu, ta zubo 'yan tsakin gidan gona, irin na nama.

"Ga jama'a na tara maka, maigida," in ji ta. "Waɗannan ba sa tashi a tsakiyar busa."

Da wasa ta faɗa, shi kuwa ya ɗauka da gaske. Kullum da hantsi, in ya zuba abinci ya sauya ruwa, sai ya kife bokiti ya zauna yana busa musu a hankali. Irin kajin nan tsoro gare su. Da an harba bindigar biki sai su taru a lungu su danne juna, waɗanda suka tsira su ƙi cin abinci. Nasa kuwa sun saba da sauti tun suna 'yan tsaki, ko a jikinsu. Su ci, su kwanta, su yi ta ƙiba.

A shagon shayi ana tsokanarsa: "Amm Shahata, yau wace kaza ake aurarwa?"

"Wadda ta fi ka kunne, ɗan nema!"

Da bikin 'yar Hajj Bayumi ya matso, Shahata ya sa rai, don shi ya busa a auren uban. Har jallabiya ya sa aka wanke masa. Bayumi ya zo kuwa, amma cewa ya yi, "Kaji na zo saya, Amm. Kiɗa, yara sun riga sun kama mai lasifika."

Na ga fuskarsa, tausayi ya kama ni. Ya sayar masa da kajin.

Ranar walima ana cin shinkafa da miyar lalo, kawun ango ya lashe yatsa ya ɗaga murya: "Kai, wannan nama da laushi yake! Me ake ba kajin nan?"

Shahata ya gyara rawani ya ce, "Abin da aka hana amarya."

Uwar amarya, wadda shi ya raka ta gidan nan, ta tashi da kanta ta zare wayar lasifika.

Ashe algaitar tana ƙarƙashin jallabiyarsa tun safe.