Ranar da Aka Yi wa Na'urar Gem Addu'a

A gidanmu na Samaru ba a taɓa sabon abu sai an yi masa addu'a, ko firji ne ko keken ɗinki. Na sha'afa da haka ranar da na kinkimo na'urar gem, ta wasan bidiyo, daga Sabon Gari, ga ni ƙato, malamin sakandare.

Mama na ganin kwalin ta aika a kira wani dattijon cocinmu. Na ce, "Mama, abin wasa ne fa." Ta ce in rufe mata baki.

Dattijon ya ɗora hannu a kan kwalin, ya roƙi Ubangiji ya sa injin nan ya ciyar da gida. Muka ce amin. Sannan ya ce, "Kunna mu gani, ɗana."

Na jona da talabijin. Sai ga ƙarti biyu ba riga, ɗaya ya tsinke kan ɗaya, jini har bango. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mama ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ƙyale injin nan. Ɗora hannun a kan yaron."