Gwaggo Lieu ta Hawa na Uku

A tsakiyar birnin Saigon, bayan tsohuwar kasuwa, akwai wani tsohon bene da fentinsa ya koɗe, wayoyin lantarki sun naɗe shi ta ko'ina. Duk wanda ya tambayi 'yan acaɓa ko ma'aikatan ofisoshin unguwar inda ake samun esfireso matini na kirki, wato haɗin nan na kofi mai ƙarfi da barasa da ake kaɗawa da ƙanƙara har ya yi kumfa, amsa ɗaya zai ji: "Hau hawa na uku, ka ce Gwaggo Lieu kake nema." Baƙo yakan zaci zai tarar da wani saurayi mai zane a damtse. Sai ya iske wata gajeriyar mace da ta ba hamsin baya, tabarau a karan hanci, tana tsaye a kan akwatin katako saboda kantar ta fi ta tsayi.

Lieu ba a sama ta fara ba. Tun tana amarya ta kafa ɗan kekenta na turawa tana sayar da kofi a bakin lungun da ke gindin benen, da kujerun roba ƙanana irin waɗanda gwiwar mutum ke kai wa haɓarsa in ya zauna. Kofi baƙi ƙirin, madarar gwangwani, ƙanƙara, shi ke nan. Mijinta Duoc yana can ƙarshen lungun yana gyaran babura. Da keken nan da sifanar nan suka rene 'yarsu ɗaya tilo, Ngan, har ta gama jami'a ta samu aiki a banki.

Sai aka shiga shekarar da hukuma ta ce a share gefen tituna domin masu tafiya a ƙasa. Lieu ba ta yi gardama da kowa ba. Ta tura kekenta gida, ta rufe shi da leda. Ngan ta ce, "Inna, ai kin yi mai wuyar. Ki huta, ni zan riƙe gidan."

Hutun bai karɓe ta ba. Ta wanke labule, ta sake wankewa. Ta goge fanka, ta goge bayan firji, ta fara neman Duoc da faɗa a kan inda yake ajiye takalmi. Ranar da ta kama kanta tana hira da kifin da ke cikin kwalba, ta san abin ya isa.

A lokacin ne Khiem ya zo gaishe ta. Tun yana ɗalibi yake shan kofinta, ya je ya yi aiki a manyan otal, yanzu ya dawo ya buɗe 'yar mashaya a hawa na uku na benen. Ya ce yana neman mai wanke masa kofuna, ko ta san wata?

"Na sani mana," in ji Lieu. "Ga ta a gabanka."

Duoc ya yi tsalle ya dire. "Mashaya? Ke? Haba Maman Ngan, da furfurarki? Me mutanen lungu za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Kai da abokanka ba kullum kuna bakin kogi kuna shan giya da busasshen kifi ba? Wa ke wanke kofunan? Aljanu?"

"Wannan daban."

"To wannan ma daban. Ni wankewa zan yi, kai kuwa sha kake yi."

Ta fara aiki. Tana bayan labule hannu cikin ruwan sabulu, amma idonta yana kan Khiem. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne yadda yake zuba kofi da barasa da ƙanƙara a gwangwanin ƙarfe, ya rufe, ya ɗaga sama da kafaɗa ya yi ta kaɗawa, sannan ya tsiyaye a kofin gilashi mai dogon wuya. Baƙi a ƙasa, kumfa ruwan ƙasa a sama, ƙwayar kofi uku a kai. Ita da ta yi rayuwarta cikin kofi ba ta taɓa ganin an yi masa irin wannan kwalliyar ba. Ranta ya biya.

Wata rana da azahar, kafin a buɗe, ana sheƙa ruwan sama, ta ce, "Khiem, koya mini."

Ya yi dariya, da ya ga ba wasa take ba sai ya haɗiye dariyar. "Gwaggo, abin nan yana cin kafaɗa fa."

"Yaro, na yi shekaru ina fasa ƙanƙara da guduma tun kana tsumman goyo. Miƙo gwangwanin."

Karon farko murfin ya ƙwace, kofi ya wanke mata riga, ya kai har silin. Karo na biyu ta riƙe gam, amma hannunta ya ƙage don sanyi. Ta tafi da wani tsohon gwangwani gida, ta cika shi da tsakuwa, tana kaɗawa a kicin safe da yamma har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko injin wanki ne ya lalace.

Da hannu ya faɗa, sai ta zo da garin kofinta na da, wanda take taƙama da shi, ta ce a gwada da nata. Aka gwada, kumfa ta taso ta kwanta nan take, haɗin ya zama kamar ruwan kwata. Khiem ya shinshina garin. "Gwaggo, da man shanu ake soya wannan, ko? To maiƙo shi ke kashe kumfa."

Abin ya sosa mata rai, don ba a taɓa kushe kofinta ba. Amma ta san gaskiya ya faɗa. Washegari ta hau bas zuwa unguwar Cho Lon wurin tsohon da ke soya mata kofi tun farkon sana'arta, ta ce tana son irin kofin nan nasu da ake nomawa a kan tudu, mai ɗacin nan, amma a soya shi tsura, ba man shanu, ba sukari. Tsohon ya dube ta kamar ta zagi kakansa. "Kofi ba mai? Ki ce dai gawayi kike so." Ya yi mita ya gaji, ya soya mata.

Saura matsala ɗaya, kuma babba. Barasa ba ta karɓi Lieu ba. Ko kurɓi ɗaya ta yi, fuskarta za ta yi jawur, jikinta ya feso da ƙuraje. Kofi takan ɗanɗana, amma da an zuba barasa sai dai ta shinshina. Khiem yana da nasa ayyukan, ba zai yini yana ɗanɗana mata ba. Ta rasa yadda za ta yi, sai ta ɗura haɗin a kwalba ta kai wa Duoc rumfarsa.

"Ɗanɗana mini."

"Ni ba na shan abin 'yan gayu."

"Ba sha na ce ka yi ba, ɗanɗanawa."

Ya goge baƙin mai a wando, ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Ya yi zaƙi. Wannan ai na yara ne." Washegari ya ce ɗaci ya yi yawa. Wata rana ya ce barasar ta danne kofin, kamar mai babbar murya a taron biki. Tun tana kai masa har ya fara hawa benen da kansa, yana haki yana zagin matakala, ya zauna a ƙarshen kanta ya harɗe hannu kamar alƙali. Ranar da ta jefa ɗan gishiri kaɗan a ciki, irin yadda mutanen garin Hue ke yi wa kofinsu, ya kurɓa. Ya sake kurɓa.

"Yaya?" in ji Lieu.

"Ban ji sosai ba. Ƙaro wani."

Khiem ya karɓa ya ɗanɗana, ya ajiye kofin a hankali. A ranar ya samo mata akwatin katako ya ajiye a bayan kanta, ya ce daga yau duk wanda ya nemi wannan haɗin, ita za ta yi.

Labari ya bazu ba tare da an yi talla ba. Tsofaffin masu shan kofinta na bakin lungu, waɗanda yanzu sun zama manya a ofisoshi, suka fara hawowa bayan an tashi aiki. Suka kawo abokai, abokai suka kawo baƙi. Lieu ba ta canza hali ba. Wanda ya nemi kofi na uku sai ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ka ci abinci? Je ka ci shinkafa ka dawo." Wanda ya zo da babur kuwa, ɗaya za ta ba shi, in ya nemi ƙari sai ya miƙo makulli.

Mutum ɗaya ne bai taɓa hawa benen ba: Ngan. Ba ta hana uwarta ba, amma ko a gida ba ta son a ta da zancen. Da saurayinta Phat ya ce danginsa za su zo daga yankinsu na Ben Tre neman aure, sai ta samu uwar a kicin.

"Inna, in sun tambaya, ki ce kofi kike sayarwa. Ai ba ƙarya ba ne. Mutanen ƙauye ne, kakarsa kuma tana da tsauri."

Lieu ta ci gaba da yanka albasa. Maganar ta shige ta har ƙashi, amma ta dubi fuskar 'yarta ta ga tsoro ne, ba raini ba. Ta ce, "Na ji."

Baƙi suka zo da tire-tire lulluɓe da jan ƙyalle. A gabansu akwai kakar ango, Kaka Muoi, 'yar firit, bayanta a miƙe kamar sanda, ita ce mai gonar kwakwar da duk dangin ke ci a ciki. Aka kunna turare a gaban hotunan magabata, aka zuba shayi. Can tsohuwar ta juyo ta kafe Lieu da ido.

"An ce mini kofi kike sayarwa. A wace kasuwa?"

Ngan ta sunkuyar da kai. Duoc ya kama kallon fanka. Lieu ta buɗe baki da niyyar cika alkawari, sai ta ji harshenta ya ƙi. Ta ajiye butar shayi.

"Iya, da ina sayar da kofi a bakin titi. Yanzu a mashaya nake aiki. Kofi nake haɗawa da barasa, kuma in kika tambaya a tsakiyar garin nan, za a ce miki babu wanda ya fi ni iyawa."

Uwar ango ta dubi mijinta. Kaka Muoi ba ta ko ƙifta ido ba.

"Babu wanda ya fi ki? Baki dai shi ke yanka wuya. Ni uwata barasar shinkafa take dafawa, da ita ta rene mu mu tara, kuma ba ta taɓa yabon kanta ba sai an sha. Ina wurin yake?"

Ana gama cin abinci tsohuwar ta ce sai an kai ta. Da rana tsaka, mashaya ba a buɗe ba, aka kira Khiem ya zo da makulli. Ta hau matakalar nan tana dafe da jikanta, ta ƙi a ɗauke ta. Ngan tana biye a baya, karo na farko da ta taka wurin.

Lieu ta ɗaura ƙyallen aikinta a kan rigar biki, ta hau akwatinta. Ta tatso kofi da zafinsa, ta auna barasa, ta jefa gishiri, ta cika gwangwani da ƙanƙara. Da ta ɗaga shi ta fara kaɗawa, ƙarar ta cika ɗakin, kafaɗunta na tafiya daidai kamar mai daka. Ngan ta tsaya baki buɗe. Ba ta taɓa ganin uwarta haka ba, fuska a sake, ba ta neman afuwar kowa.

Kaka Muoi ta karɓi kofin da hannu biyu, ta kurɓa. Kumfa ta yi mata gashin baki. Ta lumshe ido, ta daɗe.

"Ba ki yi ƙarya ba," ta ce. "Amma da kin sa ɗan madarar kwakwa, da ya fi haka. Ranar biki ki taho da gwangwaninki, kwakwa tawa ce."

Haka aka yi. A Ben Tre, ƙarƙashin rumfar da aka kafa a gonar kwakwa, uwar amarya ta tsaya a bayan tebur tana kaɗa gwangwani, manoma da malaman makaranta da ma'aikatan banki sun yi layi. Duoc yana gefe yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ne mai ɗanɗanawa, ba a fitar da komai sai da izininsa. Da layin ya yi tsawo, amarya da kanta ta tattare doguwar rigarta ta zo ta kama zuba wa uwarta ƙanƙara. Wata ƙawarta ta banki ta tambaya a ina aka ɗauko wannan gwanar. Ngan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Ba ɗauko ta aka yi ba. Uwata ce."

A motar komawa Saigon, kafaɗar Lieu ta riƙe, ko jaka ba ta iya ɗagawa. Duoc ya ciro man zafi yana shafa mata, yana mita wai ta cika son a yabe ta.

"Tsohuwar nan fa da gaskiyarta a kan kwakwar," in ji Lieu. "Gobe ka hawo da wuri, akwai aiki."

"Gobe ina da babura uku a rumfa."

"Su jira."

Ya ƙara lakato man, bai ce a'a ba.